Yadda za ka yi amfani da kalmar frolic ba tare da ka kwafsa ba

To ita dai frolic ma'anarta wasa cikin nishaɗi, irin tsalle-tsalle da guje-gujen da yara ke yi ko 'yan raguna in sun ƙoshi, ba wani dalili fa, murna ce kawai ta motsa. Asalinta daga yaren mutanen Holan ne, vrolijk, wato mai fara'a, ta shigo Turanci tun ƙarni na 16.

An fi amfani da ita a matsayin aikatau. The children frolic in the rain, wato yara na ta tsalle-tsalle cikin ruwan sama. Amma inda mutane ke kwafsawa shi ne in abin ya riga ya wuce ko yana kan faruwa, dole sai ka saka k kafin ed ko ing, frolicked, frolicking, in ka manta k ɗin nan sai c ta koma sautin s, haka ake yi wa picnic da panic ma.

Kar ka ga mutum a zaune yana dariya ka ce yana frolic, sai da motsa jiki gaskiya. Kuma a hira Turawa sun fi cewa play, a rubutu aka fi ganinta. In siffa kake so, frolicsome.

Lauyoyin Ingila ma suna da tasu, a frolic of his own, daga wata shari'a ta 1834, wato ma'aikaci ya bar aikin ubangidansa ya tafi sha'anin gabansa, in ya yi ɓarna a can to ba ruwan ubangidan.