Yadda za ka gane aikin Cattelan, mutumin nan mai ayabar dala miliyan 6

Tun da hoton ayabar nan da aka manna a bango da salatif ya zagaya soshiyal midiya mutane ke ta cewa ai damfara ce kawai, to ni ban hana kowa dariya ba, amma in kana so ka gane me Maurizio Cattelan, mai fasahar da ya manna ta, yake yi, kar ka fara daga ayabar, koma baya tukuna.

An haife shi a Padova ta Italiya a 1960, bai yi makarantar zane ba, kujeru da tebura ya fara ƙerawa a garin Forli. A 1989 aka ba shi wurin baje koli a Bologna, gogan naka ya rasa abin da zai nuna sai kawai ya rataya ɗan allo a ƙofa mai cewa "Torno subito", wato yanzu zan dawo. A 1993 kuma da aka gayyace shi babban baje kolin fasaha na Biennale a birnin Benis sai ya ba kamfanin talla hayar wurinsa suka kafa tallar turare. Riƙe waɗannan biyun a ranka, don halinsa ke nan har yau, zillewa da tsokana.

Sai kuma ka riƙa duba inda aka ajiye abu kafin ka yanke hukunci. Ƙaton hannun marmara da ya yi a 2010, duk yatsun a gutsure sai na tsakiya a tsaye, a gaban kasuwar hannayen jari ta Milan aka kafa shi, ka ga ba sai an faɗa maka da wa ake ba. Haka masai na zinare da ya sa wa suna America, a 2016 a gidan adana kayan fasaha na Guggenheim da ke New York mutane layi suke bi suna shiga su yi bukatarsu a ciki da gaske fa, kafin ɓarayi su tsinke shi a fadar Blenheim ta Ingila a 2019.

Batun ayaba kuwa, tambayi kanka me aka saya. Takardar shaida ce da umarnin yadda za a manna ta, ayabar in ta ruɓe a canza wata. Dala 120,000 aka sayar a Miami a 2019, a 2024 kamfanin gwanjo na Sotheby's suka yi gwanjonta dala miliyan 6.2, wanda ya saya ɗin, Justin Sun, ya ɓare ya cinye a gaban 'yan jarida kuma bai yi asarar ko sisi ba tunda takardar na hannunsa.

Kar ka ɓata lokaci wajen neman ƙwarewar hannunsa, yawancin gumakan masu sana'a yake ba su yi masa, ni kaina wannan ɓangaren bai gama kwanta min ba gaskiya. In data ta yi ƙaranci fara da Toiletpaper, mujallar hotuna zalla da suke fitarwa shi da mai ɗaukar hoto Pierpaolo Ferrari tun 2010, hotunanta na nan birjik a Instagram.