Yadda na warware bashin lauyana

Shari'ar filin gadonmu a Tawa ta ƙare bara, amma jika 180 na kuɗin lauya suka rage a wuyana. Albasar da na saka rai a kanta ta faɗi, sai na shiga ɓuya. In na ga lambarsa, kife wayar nake yi. Wata huɗu ina wannan wauta, har takardar gargaɗi ta same ni a shago, gaban abokan ciniki.

Na ɗauki kawuna muka tafi ofishin lauyan a Yamai. Kawu ya ce, "Metir, yaronka ne, kunya ta hana shi zuwa."

Da aka buɗe lissafi sai ga saɓani. Jika 30 da na taɓa aika masa babu rasidi ba su shiga littafi ba. Allah ya taimake ni ban goge saƙon turawar ba, na nuna, aka cire. Da mun kasa daidaitawa, gaban shugaban ƙungiyar lauyoyi ake kai rigimar kuɗin aiki.

Saura 150. Muka rubuta yarjejeniya, jika 25 duk ƙarshen wata, kowa ya sa hannu. Jiya na karɓi rasidi na huɗu.