Yadda Za Ki Haɗa Tauraron Kirsimeti da Ƙyallayen Atamfa

Da Disamba ta kama, shagunan teloli a Jos da Kafanchan sun cika da ɗinkin Kirsimeti, ƙyallaye kuwa sai dai a share a zubar. Ki je wurin telanki ki roƙa, da wuya ya ce ki biya. Ki nemi kwalin taliya, almakashi, zare mai kauri, da sitaci cokali 2.

1. Ki zana tauraro mai tsini 5 a kan kwali, girman tafin hannu, ki yanke. Da shi za ki riƙa auna sauran.

2. Ki kwaɓa sitacin da ɗan ruwan sanyi, sannan ki zuba tafasasshen ruwa kina juyawa har ya yi kauri kamar koko. Ki bari ya huce. Nan ne ake yawan kuskure: in ya yi ruwa, kwalin zai jiƙe ya lanƙwashe, don haka ki shafa shi siriri da yatsa.

3. Ki manna ƙyalle gaba da baya, ki datse gefen. Ni na fi son atamfa mai ƙananan zane, domin babban fure ɓacewa yake a ɗan tauraro.

4. Ki shanya a inuwa, iskar hunturu za ta busar da shi. Daga baya ki danne da littafi ya kwana.

5. Ki huda tsini ɗaya, ki zura zare, ki rataya a ƙofa ko taga.

In kyauta ce, ki ɗaura shi a wuyan kwalbar cincin ko soyayyar gyaɗa, yara su miƙa wa maƙwabta ranar 25.