Yadda ake juya tsoho mai jinya don kar gyambon kwanciya ya kama shi

Shekara biyu na yi ina jinyar Hajiyarmu a Anguwar Rogo nan Jos bayan ta samu shanyewar ɓarin jiki, kuma har yau duk gidan da na shiga dubiya abu ɗaya nake tararwa, an yi wa tsohuwa wanka an turara ɗaki ga kunu a filas, amma tana nan rigingine tun safe ba wanda ya motsa ta. Wanka da abinci kowa ya iya, ba zan tsaya kansu ba. Juyin ne ake sakaci da shi.

Da farko ki saita ƙararrawa a waya duk awa 2, dare da rana. Dama, rigingine, hagu, a sake zagayowa. Kar ki ce za ki bi lokutan salla, tsakanin asuba da azahar kaɗai awa nawa ne? Ki manna takarda a bango, duk wanda ya juya ya rubuta lokaci da ɓangaren, in ba haka ba kowa zai ɗauka ɗan uwansa ya yi.

Sai ki ninka zanin gado gida biyu ki shimfiɗa ƙarƙashinta daga kafaɗa zuwa cinya. Mutum biyu, kowa ya kama gefe, a ɗaga ta da zanin. Ban yarda da ja ba sam, fatar tsoho ba ta da ƙwari, jan nan ma kaɗai yana saluɓe ta. Kuma ki yi mata magana kafin ki taɓa ta ko da ba ta iya amsawa, “Hajiya sannu, za mu juya ki.” In kin juya kar ki ɗora ta tsaf kan ƙashin kwankwaso, ki ɗan karkata ta kawai ki tokare baya da filo, wani filon tsakanin gwiwoyi.

To ga inda ni na yi kuskure, wallahi har yanzu yana min ciwo. Dunduniya. Sanyin Jos na Disamba kin san shi, na sa mata safa biyu na lulluɓe ta da bargo, da dare in ƙararrawa ta buga sai in ce kai bari ta yi barcinta kar iska ta shige ta. Kullum ina duba baya da kwankwaso amma safar nan ko wajen goge jiki ban cika cire ta ba. Ran da na cire sai ga dunduniyar ɓarin da ya shanye ta yi baƙi ƙirin, ita kuma ba ta ji ba balle ta faɗa. Wata huɗu muna wankin ciwon nan. Ana cewa a duba wurin da ya yi ja, mu baƙar fata ba ya nuna ja, sai dai wurin ya fi sauran duhu, ko ya yi ɗumi ko tauri in kin taɓa. Don haka kullum ki cire safa ki duba da tocila, ki sa filo ƙarƙashin sha-raɓa yadda dunduniya za ta rataya ba ta taɓa katifa. Ki duba ƙasan baya wajen zama, gwiwar hannu, kafaɗa, ƙeya har kunne.

In kin ga wuri ya canza launi kar ki murza, kar ki shafa Robb, kar ki gasa da ruwan zafi duk da ƴan dubiya za su ce ki yi. Ki ɗauke nauyi daga kansa kawai. Robar ruwan zafi ma ban da ita a ɓarin da ba ya ji, ƙona ta za ta yi.

Katifar iska mai famfo tana taimakawa in da hali, sai dai da tsada kuma in an ɗauke wuta ta daɗe sacewa take, sannan ba ta hana juyi. Ledar gado a sa zanin auduga a kanta. Famfas da ya jiƙe a canza, a share a busar a shafa man kaɗanya ko basilin. Ki dage da wake, ƙwai, kifi da nono. Fata ta fashe, ko wari, ko zazzaɓi, asibiti kai tsaye, ba kemis ba.

Juyin dare kuwa ku raba shi tun yau, har maza. Mu sai bayan ciwon dunduniyar nan ne ƙanina ya karɓi na ƙarfe 2 da na 4.