Tsiren Awara da Shito Marar Kifi: Kwanon da Nake Kaiwa Ciyayya a Aboabo

Mu goma sha biyu ne a adashinmu, wanda a nan Kumasi muka fi kira susu, kuma duk Lahadin ƙarshen wata muna haɗuwa a gidan mai ɗauka, kowa da kwanonta. Bara amaryar ƙanina ta shigo cikinmu. Ita ba ta cin nama, ba ta cin kifi, tun tana yarinya jikinta ba ya karɓa. Na ce wannan ai ba wani abu ba ne. Na dafa wake da shinkafa da karan dafi, abin nan da Asantawa suka ari sunansa suka mai da shi waakye, na kau da ganda da nama gefe, na zuba mata shito, soyayyen barkonon nan namu na Gana, cokali biyu. Ta sunsuna, ta ce a hankali, "Yaya, shiton nan ba kifi a ciki?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shito ai da garin busasshen kifi da jatan lande ake haɗa shi.

To ki fara daga nan: tsame tsoka daga tukunya ba ya mai da miya marar nama. Kifi yana ɓuya a shito, a momoni da koobi, kifayen gishirin nan da muke jefawa a kontomire, wato miyar ganyen gwaza, har da wasu dunƙulen magi. Ki karanta bayan takardar kafin ki marmasa.

Shiton da nake yi yanzu albasa ce ke riƙe da shi. Manya guda shida, a yanka siriri, a soya a man gyaɗa mai yawa kan wuta kaɗan sai ta yi ja ta kusa baƙi. Nan ne mata suke gaggawa, nan ne kuma ɗanɗanon yake, don haka ki jawo kujera. Sai niƙaƙƙiyar citta da tafarnuwa, tumatirin gwangwani ƙarami ɗaya, garin barkono daidai bakin mutanenki. A gurbin kifi, dakakkiyar daddawa cokali uku da garin busasshen naman kaza, ina nufin wanda ke tsirowa a ruɓaɓɓen icce da damina, ba mai fuka-fuki ba (wannan suna ya taɓa sa amaryar ta ajiye cokali sai da na rantse). Ki yi ta juyawa kusan awa guda har ruwa ya ƙone, mai ya taso sama. Man nan shi ke hana shi lalacewa, kada ki tsiyaye.

Abin da ya fi tashe shi ne tsire, cincingar da 'yan uwanmu ke gasawa a bakin titi da dare. Namu na awara ne: rabin olonka, wato gwangwanin awo, na waken suya daga kasuwar Kejetia ya ishe mu. Ki jiƙa ya kwana, ki kai inji, ki tace da ƙyalle mai tsabta. Idan madarar ta tafasa, ki rage wuta, ki riƙa zuba ruwan tsamin koko kaɗan-kaɗan har ta tsinke, ta rabu da ruwa. In babu, ruwan lemun tsami ya yi. Ki juye a ƙyalle, ki ɗaure, ki danne da dutsen niƙa awa biyu. Awarar tsire tana son ta fi ta saidawa tauri.

Ga sirrin: ki yanka ta, ki sa a firiza ta daskare ta kwana, in masu wuta sun bar ki. Ruwan cikinta yana zama ƙanƙara ya huda ta, idan ta narke kika matse sai ta koma kamar soso, ta sha yaji, ta ba haƙori aiki. Ki soya sama-sama kafin ki tsira a tsinke, in ba haka ba za ta farfashe a kan waya. Ki jera da albasa da koren tattasai, ki shafa mai da hannu sake, domin awara ba ta da kitsen da zai ɗiga. Yajin kuwa na gida ne: garin ƙuli-ƙuli, citta, barkono, kimba, masoro, gishiri. Garwashin kurfoti, murhun gawayi, za ki nema, ba gas ba. Rabin abin da baki ke kira nama hayaƙi ne da ƙuli.

Idan tuwon shinkafa za a kai, miyar gyaɗa ba ta da rigima: yalo, naman kaza ɗanye, daddawa, sai soyayyen wagashi a ƙarshe. Sai dai ki tambaya tukuna, wagashi na nonon shanu ne, wasu har shi ba sa taɓawa.

Wajen ɗauka, kada ki rufe tsire da zafinsa a kula, tururi zai mai da shi laɓo-laɓo kafin trotro, motar haya, ya kai ki unguwar Asawase. Ki naɗe a takarda, yaji daban a ƙulli. Kowane kwano da ludayinsa, don ludayin da ya shiga miyar akuya ya gama ɓata miki aiki.

Watan jiya na ajiye tsinke talatin gaban amarya, na fita alwala. Na dawo na tarar da Hajiya babba, wadda ta taɓa ce mini abinci ba nama abincin asibiti ne, da tsinke huɗu a gefen tabarma, tana karkaɗe yaji daga mayafi. Ta ce, "'Yar nan, wannan na rago ne ko na maraƙi?" Amarya ta sunkuyar da kai tana dariya. Biyu kacal ta samu.