Yadda zaka reni irin kayan lambu a cikin ɗaki ya fito da ƙwari

Fara da mazubi, kofin roba ko gwangwani duk ya yi, amma dole ka huda ƙasan saboda ruwa ya riƙa fita. Ƙasar kuma kar ka ɗebo ta gona zalla don tana daskarewa, haɗa ta da yashi da takin da ya ruɓe sosai, ka tankaɗe, idan ka dunƙula a hannu ta wargaje da sauƙi toh ta yi. Iri biyu a kofi ɗaya, zurfin kamar ninki biyu na girman ƙwayar. Tumatur kwana 5 zuwa 10 ya tsiro, tattasai da attaruhu sai haƙuri, suna iya kai sati 2 zuwa 3 musamman in ɗakin da sanyi. Karas dai kar ma ka fara, baya son dashe.

Inda mutane suke asara shi ne haske. Zaka ga tsiro ya yi tsawo siriri fari-fari yana lanƙwasa wajen taga, sai mutum ya ƙara masa taki alhali haske yake nema. Da zarar ya ɓullo ka kai shi tagar da rana tafi shiga kana juya kofin kullum, in hasken bai isa ba ka rataya ƙwan LED kusa da kansa awa 14 zuwa 16, da dare a kashe.

Ruwa kuma gaskiya yawansa yafi ƙarancinsa kashe tsiro. Taɓa ƙasar da yatsa, kar ka zuba ruwa sai saman ya fara bushewa, kuma gara ka zuba a faranti kofin ya sha ta ƙasa. In ka ga gindin tsiron ya tsuke ya yi baƙi ya kwanta, fumfuna ce ta damshi, wanda ya faɗi baya tashi, cire shi ka rage ruwa. Ɗan kunna fanka a hankali yana busar da saman ƙasa yana kuma ƙarfafa karan.

Idan ganyen gaske suka fito, ba biyun farkon nan ba, yanke tsiro mai rauni a kofin da almakashi ka bar ɗaya, kar ka tumɓuke ka taɓa saiwar ɗan uwansa.

Tumatur sati 4 zuwa 6 ya isa dashe, tattasai 6 zuwa 8. Amma kar ka fitar dasu rana kai tsaye zasu ƙone, ka riƙa ajiye su a waje cikin inuwa awa ɗaya biyu kana ƙarawa har kamar kwana 7 zuwa 10, sannan ka dasa da yamma. Tumatur ka binne karansa da zurfi, saiwa zata fito a jikin.