Burin Makka da tukunyar gida: inda masu tara kuɗin kujera ke yin kuskure

Wani tela a layinmu ya shekara huɗu yana tara kuɗin kujera. A tsawon lokacin nama ya yi ƙaura daga tukunyarsa, 'yarsa ta yi zangon karatu guda tana zaune a gida. Uwargida na yin magana sai ya ce, "Haba Maman Abba, ɗakin Allah fa za ni."

Niyyar ba ta da laifi, lissafin ne ya karkace. Malamai sun bayyana cewa Hajji na kan mai iko, kuma cikin ikon har da barin wa iyali abin da za su ci har ka dawo. Don haka fara cire na hatsi, haya, makaranta da magani. Abin da ya saura, ko dubu biyar ce, shi ne na Makka.

Sai masu ƙulle naira a akwati. A 2023 kujera ta kusa naira miliyan 3, a 2025 ta haura miliyan 8. Mai akwati yana tafiyar hawainiya, farashi na gudun barewa. Gara ka sayi maraƙi ko tumaki a yi maka kiwo, ko ka shiga adashin gata, tsarin tara kuɗin Hajji da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta ƙaddamar tare da bankin Jaiz a 2020. Ko ba komai kuɗin sun yi nesa da hannu, ba kowane biki ne zai gutsure su ba.

Sayar da gona ko keken ɗinki don cike giɓi kuwa, kar ka soma. Sati shida za ka yi ka dawo, ana ce maka Alhaji, ba abin yi. Kuma kujera ba ita kaɗai ba ce: akwai hadaya, akwai tsaraba (nan ne fa mutanenmu ke zarce gona da iri, dabino da zamzam sun wadatar).

Akwai kuma masu fakewa da iyali. Shekara ashirin ana "sai yara sun tasa", ko sisi ba a ajiye ba, alhali kuɗin data da na anko ba su taɓa yankewa. Su maganinsu littafi da biro: rubuta abin da ya fita wata guda, ka zagaye wanda ba dole ba.